Ɗigon da ya ƙi bajewa: inda ɗalibai ke tuntuɓe wajen gwada narkakken gishiri da lantarki mai kai-komo

Duk wanda ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza a fadamar Argungu ya san yadda ɗigo ke dunƙulewa ya ƙi jiƙa mazauninsa. A ɗakin gwaji, irin wannan ɗigon muke ɗorawa a kan gilashin da aka shafe da Teflon, wata roba mai santsi da ruwa ba ya kamawa, mu soka masa siririyar waya, mu ba shi wuta, sai ya baje. Masanin kimiyya Gabriel Lippmann ne ya gano tushen abin a 1875 da zaiba. Mu kuwa gishiri muke amfani da shi, irin wanda ke zama ruwa tun zafi bai kai digiri 100 ba. Wanda Paul Walden ya bayyana a 1914 ma, digiri 12 ya ishe shi narkewa.

Tuntuɓen farko a wajen karanta wutar yake. Lantarki mai kai-komo hawa yake yana sauka, shi kuwa lissafin bajewar ɗigo matsakaicin ƙarfi yake so, wato RMS, ba ƙololuwa ba. Wutar gida da muke cewa bolt 230, ƙololuwarta ta kai 325. Tunda ninka ƙarfin ake yi da kansa, wanda ya ɗauko ƙololuwa daga allon asiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta, amsarsa za ta ninka biyu, sai ya zo yana cewa ɗigon ne bai yi aiki ba. Mitar kasuwa mai araha ma ba abin dogaro ba ce idan an wuce kai-komo 50 a daƙiƙa da nisa.

Saurin kai-komon shi ne ake mantawa a rubuta. Idan ya yi ƙasa, ɗigon rawa yake yi, sau biyu a kowane zagayen wuta, kowane hoto da kusurwarsa, wato kusurwar da gefen ɗigon ke yi da gilashi, wadda da ita ake auna bajewa. Idan ya yi sama ainun, ƙwayoyin gishirin ba sa iya bin wutar, bajewar ta ragu, ɗigon har ya ɗan yi ɗumi. A fara da 1,000 a daƙiƙa, a ɗauki bidiyo maimakon hoto ɗaya.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne barin kwalba a buɗe. Wata ɗaliba ta yi awonta a Birnin Kebbi cikin hunturu, ta maimaita a Agusta, lambobi suka ƙi haɗuwa. Na tarar da murfin a gefen teburi.

"Malam, ai ka ce wannan ba ya ƙafewa."

Ba ya ƙafewa kam, amma yana shan raɓar iska. Da ya sha, kaurinsa ya ragu, wuta ta fi ratsa shi, ya zama wani ruwa dabam da wanda aka auna da farko. Nau'in gishirin da ke da sinadarin PF6 kuma, haɗuwarsa da ruwa na iya fitar da asid mai cin gilashi da ƙona fata, don haka safar hannu dole ce. A busar da shi a cikin injin zuƙe iska, a rufe, a ɗebo kaɗan da sirinji lokacin aiki kawai. Zafin ɗaki ma a rubuta shi: awon Afrilu da zafi ya haura 40 ba ɗaya yake da na safiyar Janairu ba.

Sai gaggawa. Ruwan nan kauri gare shi, wani kamar man gyaɗa, a jira shi ya tsaya kafin a karanta kusurwa.

Akwai kuma inda ɗigon ke turjewa, ko an ƙara wuta ba ya ƙara bajewa. A nan ɗalibai ke ta murɗa makunni har Teflon ya huje. Da ka ga ƙananan kumfa suna tasowa a gindin ɗigon, kashe wutar, wannan gilashin ya gama aiki, ɗauko wani.