Yadda ake ceto ƙaramin yaro mai ciwon sukari idan sukarinsa ya faɗi

Babban mutum mai ciwon sukari, da ya ji jikinsa na karkarwa zai ce a miƙo masa abin zaƙi. Yaro ɗan shekara biyu ko uku ba shi da wannan bakin. Abin da za ku gani shi ne rigima babu dalili, ko kuka mai tsawo, ko ya yi lakwas ana tsakiyar wasa. Don haka ku iyaye ne za ku zama bakinsa, ku kuma san abin yi tun kafin ranar ta zo, domin kusan duk yaron da ake yi wa allurar insulin, wato maganin da ke sauke sukarin jini, sai ya gamu da faɗuwar sukari.

Ku fara da sanin adadin. Idan na'urar awo ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, sukari ya faɗi, sai a ba shi abin zaƙi nan take. Ƙasa da 54 mg/dL, ko 3.0 mmol/L, lamarin ya yi tsanani, domin ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, kuma ta ƙaramin yaro tana kan girma.

Alamomin sun haɗa da gumi mai sanyi, karkarwar hannu, fuska da leɓe su yi fari-fat, yunwa ta gaggawa, tangaɗi wajen tafiya, magana ta riƙa sarƙewa, ko barci a lokacin da ba na barci ba. Jariri kuwa yana iya ƙin kama nono, ko jikinsa ya saki. Kowane yaro da irin tasa alamar, kuma uwa ko uban da suke tare da shi kullum sukan gane ta kafin kowa. Idan ranku ya ba ku cewa yaron nan ba daidai yake ba, ku gwada. Ku wanke masa hannu ku tsane kafin ku huda yatsa, saboda ɗan zaƙin da ya maƙale a yatsa yana iya sa na'ura ta nuna adadi mai yawa alhali sukarin a ƙasa yake. In kuwa na'urar ba ta kusa, kada ku tsaya nemanta. Ku ba shi zaƙin, a gwada daga baya.

Yanzu batun abin da za a ba shi da yawansa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ana son sukari mai saurin shiga jini: ƙwayar gulukos (wato irin sukarin da ke cikin jini), ko sukari da aka narka a ɗan ruwa, ko ruwan 'ya'yan itace. Ƙa'idar da likitocin yara suke bi ita ce kusan giram 0.3 na gulukos ga kowane kilo ɗaya na nauyin yaro. Ke nan yaro mai kilo 15 yana buƙatar kusan giram 5, mai kilo 30 kuma giram 9. Cokalin shayi ɗaya na sukari yana da kusan giram 4, ruwan 'ya'yan itace mililita 100 kuma kusan giram 10. Ku tambayi likitan yaronku ainihin adadin da ya dace da shi, ku rubuta a takarda ku manna inda kowa zai gani, ku kuma sabunta shi duk lokacin da nauyinsa ya ƙaru.

Cakulan, madara da biskit mai maiƙo ba su dace da wannan gaɓa ba, domin maiƙo yana jinkirta shigar sukari cikin jini. Lemon da aka rubuta babu sukari a jikinsa ba shi da wani amfani a nan. Alewa mai tauri tana iya maƙale wa ƙaramin yaro a wuya. Zuma tana aiki ga wanda ya wuce shekara ɗaya, amma jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan, saboda wata ƙwayar cuta da takan kasance a ciki wadda hanjinsa bai iya yaƙarta ba tukuna.

Bayan kun ba shi, ku zaunar da shi, ku duba agogo, ku jira minti 15. Na san wannan jiran yana da wuya. Ɗanku yana kuka yana neman ƙari, zuciyarku tana bugawa, hannu yana son ya ɗura masa duk abin da ke kusa. Amma sukarin da ya sha yana buƙatar lokaci kafin ya isa jini, kuma idan aka cika shi da zaƙi, bayan awa ɗaya adadin zai haura sama sosai, a koma neman yadda za a sauke shi. Minti 15 na cika ku sake gwadawa. Idan har yanzu bai kai 70 ba, ku maimaita irin adadin farko. Masu amfani da na'urar da ake manna wa fata su tuna cewa takan yi jinkirin wasu mintuna kafin ta nuna sukari ya dawo, don haka awon yatsa ya fi tabbas a wannan lokaci.

Da zarar ya haura 70, idan lokacin cin abinci bai zo ba, ku ba shi ɗan abu mai riƙe ciki, kamar yankan burodi ko ayaba, don kada ya sake faɗuwa.

Idan yaron ya suma, ko yana jijjiga, ko ba ya iya haɗiya, a bar duk abin da na faɗa a sama. Kada a sa masa komai a baki, ko ruwa ko sukari ko cokali ko yatsa, domin zai iya ƙwarewa abin ya tafi huhu. Ku kwantar da shi a gefe guda. Idan kuna da allurar gulukagon, ku yi masa a tsokar cinya: rabin miligiram ga yaron da bai kai kilo 25 ba, miligiram ɗaya ga wanda ya wuce haka. Gulukagon yana sa hanta ta saki sukarin da ta ajiye, kuma yawanci yaro yakan farfaɗo cikin minti 10 zuwa 15. Yana iya yin amai bayan haka, shi ya sa kwanciyar gefe take da muhimmanci. Ku kira motar asibiti ko ku garzaya da shi nan take, kun yi allurar ko ba ku yi ba. Ku koyi haɗa wannan allura tun ana zaune lafiya, ku riƙa duba ranar ƙarewarta, ku nuna wa duk wanda yake kula da yaron a gida ko a makaranta.

Bayan komai ya lafa, ku binciki musabbabin. Ko an yi masa insulin ne ya ƙi cinye abincinsa, kamar yadda ƙananan yara suka saba? Ko amai da gudawa ne suka hana abinci zama? Ko ya wuni yana guje-guje? Wasa mai yawa yana iya sauke sukari sa'o'i da dama bayan an gama, har cikin dare, don haka a irin wannan rana ku gwada shi kafin ya kwanta, ku kuma tashi ku sake gwadawa wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare. Mafarkin tsoro, jiƙewar shimfiɗa da gumi da ciwon kai da safe duk suna iya nuna cewa sukari ya faɗi yana barci.

Ku rubuta ranar, lokacin, adadin da abin da kuka ba shi. Idan abin yana maimaituwa, jikin yaro yakan daina nuna alamun gargaɗi, sai dai a ga ya faɗi kawai. Ku kai wa likita wannan rubutu domin ya gyara yawan insulin ɗin. Kada tsoro ya sa ku dakatar da allurar da kanku, saboda yaro mai nau'in ciwon sukari na ɗaya, wato wanda jikinsa ba ya samar da insulin, idan ya rasa allurar yana iya shiga wani haɗarin da shi ma sai an kwantar da shi a asibiti.