Darasi na Shida: Windows da Ubuntu a Kwamfuta Ɗaya

Windows na ajiye hoton yanayin da take ciki lokaci zuwa lokaci, domin idan wata manhaja ta ɓata ta a iya mayar da ita yadda take jiya ko makon jiya. Ana ɓoye waɗannan hotuna a jakar System Volume Information da ke cikin faifan C. Ba sa kare takardunka da hotunanka, don haka kafin komai ka kwashe su zuwa filashi.

A wajen raba faifai aka fi yin asara. Ubuntu, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, na buƙatar aƙalla gigabait 25, amma ka ba ta 50 in akwai wuri. Daga cikin Windows za ka yanke wannan fili, ta Disk Management, ka zaɓi Shrink Volume a kan C. Wani lokaci Windows kan ƙi ba ka filin da ka nema, saboda hotunan da aka ajiye suna zaune a ƙarshen faifan kuma ba ta iya matsar da su. Nan wasu ke kashe System Protection, wato sashen da ke ajiye waɗannan hotuna, don su samu wuri, ba su san cewa kashe shi na goge hotunan gaba ɗaya ba. Idan ya zama dole ka kashe, to da zarar ka gama yankan ka sake kunna shi, ka ba shi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na faifan, ka danna Create don ya ɗauki sabon hoto.

Sai ka kashe Fast Startup a Power Options. Muddin yana kunne, Windows ba ta mutuwa sosai idan ka kashe kwamfutar, barci kawai take yi, kuma rubutu a faifanta daga Ubuntu a wannan hali na iya lalata shi. Lokacin girka Ubuntu, zaɓi ka sa ta kusa da Windows, kada ka taɓa Erase disk, wanda ke goge faifan gaba ɗaya. Bayan haka, ka daina ajiye komai a C daga cikin Ubuntu. Ware wani ɓangare daban na NTFS, wato tsarin faifan Windows, don abin da kake son su biyun su gani.

Masu tsohuwar kwamfuta da ke haɗa Windows XP da Windows 7 su kula: duk lokacin da XP ta tashi, tana goge hotunan Windows 7 domin ba ta gane tsarinsu ba. Maganin shi ne ɓoye mata faifan. A cikin rajistar XP, wato ma'ajiyar saitunanta, ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\MountedDevices, ƙirƙiri maɓalli mai suna Offline, ka sa masa DWORD mai suna \DosDevices\D: da lamba 1, in D ne harafin faifan Windows 7 a cikin XP.