Yadda ake haɗa shirin tarihin rana guda: misali da 1 ga Oktoba

Filin da ke waiwayar abin da ya faru a rana irin ta yau, a rediyo ne ko a jarida, gajere ne, bai cika wuce minti biyar ko rabin shafi ba. Gajartarsa ce ke sa a raina shi, a bar wa ƙaramin ma'aikaci ya kwaso jeri daga intanet da asuba ya fassara. Kuskuren da ke fitowa daga nan ba ya mutuwa, domin baɗi war haka wani zai ɗauko rubutun bana ya sake karantawa. Aikin na tantancewa ne da zaɓe. Za mu bi shi da ranar 1 ga Oktoba, saboda kusan duk tarkon da mai wannan aiki ke faɗawa yana cikinta.

Tara fiye da abin da za ka yi amfani da shi

Ka fara mako biyu kafin ranar. Buɗe takarda mai gida biyar: shekara, abin da ya faru, wurin da ya faru, majiya ta farko, majiya ta biyu. Ka tara abubuwa kamar talatin don ka fitar da bakwai ko takwas. Jerin da ke intanet yana da amfani wajen nuna maka inda za ka tona, amma kada ka rubuta shi a gidan majiya. Shafuka goma na iya kawo magana ɗaya alhali duk daga wuri guda suka kwafa, ka ga majiya ɗaya ke nan. Majiya ta biyu sai ta kasance ba ta jingina da ta farko ba: jaridar da ta fito washegarin abin, ko gazet ɗin gwamnati, ko rubutun masanin tarihi da ya faɗi inda ya samo. Don al'amuran Arewa, tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da New Nigerian, wadda ta fara a 1966, suna warware gardama da yawa. Akwai kuma Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, duka a Kaduna.

Da ka zauna kan 1 ga Oktoba, na gida za su fara cika maka takarda. A 1960 Najeriya ta samu mulkin kai. A 1961 Kudancin Kamaru ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru. A 1963 Najeriya ta zama jamhuriya. A 1974 Janar Yakubu Gowon ya ce miƙa mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba. A 1979 aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari. A 1996 Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro jihohi shida. A 2010 bama-bamai suka tashi kusa da dandalin Eagle Square a Abuja. Na waje kuwa akwai kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, da hukuncin da kotun Nuremberg ta yanke wa shugabannin Nazi na Jamus a 1946, da damben Muhammad Ali da Joe Frazier a 1975, da fara yaƙin basasar Ruwanda a 1990.

Rana daidai, bayani karkatacce

Mafi yawan kuskure ba a kwanan wata yake ba, yana cikin jimlar da ke biye da shi. Sau da yawa za ka ji an ce a 1960 Dakta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa. Ba haka ba ne. Ranar 1 ga Oktoba 1960, wadda ta kama Asabar, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne Firayim Minista, Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa, Gimbiya Alexandra ce ta wakilce ta a bikin da aka yi a filin sukuwa na Legas, Gwamna Janar kuma Sir James Robertson ne. Azikiwe bai karɓi kujerar Gwamna Janar ba sai 16 ga Nuwamba 1960, bai kuma zama shugaban ƙasa ba sai 1 ga Oktoba 1963. Don haka ga kowane suna ka tambayi kanka: wane muƙami yake riƙe da shi a wannan rana takamaimai?

Batun Kamaru ya fi wannan santsi, kuma mutanen Mubi da Gwoza da Gembu za su kama ka nan take. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta raba yankin da ke hannun Ingila gida biyu. Arewaci ya zaɓi Najeriya, ya shigo ranar 1 ga Yuni 1961, aka kira shi Lardin Sardauna. Kudanci ne ya tafi Kamaru ranar 1 ga Oktoba. Wanda ya rubuta cewa a wannan rana Kamaru ta samu 'yanci ya yi kuskure, don ɓangaren da Faransa ta mulka ya samu nasa tun 1 ga Janairu 1960.

Jihohin 1996 su ne Zamfara daga Sakkwato, Gombe daga Bauchi, Nasarawa daga Filato, Ekiti daga Ondo, Bayelsa daga Ribas, sai Ebonyi da aka yanko daga Abiya da Inugu. Da su ne adadi ya kai 36. Kada Katsina ta ɓata ta shigo nan, ita da Akwa Ibom 23 ga Satumba 1987 aka yi su. Haka Jami'ar Ahmadu Bello, 4 ga Oktoba 1962 ce ranarta, shigar Najeriya Majalisar Ɗinkin Duniya kuma 7 ga Oktoba 1960. Babbar rana tana jan maƙwabtanta, mai gaggawa sai ya tattara duk abin da ya faru a makon ya ɗora mata.

Harin 2010 yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Saboda abin da ya biyo baya a shekarun nan, hannu kan yi saurin rubuta Boko Haram. Ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ce ta ɗauki alhakinsa, kuma kotu a Afirka ta Kudu ta samu Henry Okah, jigo a ƙungiyar, da laifi a kansa a 2013. A irin wannan labari, duk adadin mamatan da za ka faɗa ka jingina shi ga wanda ya bayar, 'yan sanda ne ko asibiti. Iyalan mutanen suna raye, suna kuma saurare.

Agogo da kalanda

Damben Ali da Frazier na uku an yi shi ne da hantsin 1 ga Oktoba 1975 a Quezon City, daf da Manila, aka tsayar bayan turmi na 14. A gabashin Amurka lokacin daren 30 ga Satumba ne, shi ya sa za ka iya cin karo da ranaku biyu, kowace kuma daidai ce a wurinta. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce ka bi ranar wurin da abin ya faru. Idan babu wuri a doron ƙasa, kamar saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, sai ka zaɓi agogon masu sauraronka ka faɗa musu: Amurkawa na cewa 20 ga Yuli, amma sa'ad da Neil Armstrong ya taka wata, a Kano da Damagaram ƙarfe huɗu saura na asubahin 21 ga Yuli ne.

Akwai kuma ranar biki da ba ita ce ranar aukuwa ba. Ƙasar Saifurus na bikin 'yancinta ranar 1 ga Oktoba, amma 16 ga Agusta 1960 ta samu 'yancin. Jimlar da ta dace ita ce a yau ake bikin, ba a yau aka samu ba. Abu mai kwana biyu kuma a faɗi wane ɓangare ne ya faɗo a ranar: a Nuremberg an fara karanta hukunci 30 ga Satumba 1946, washegari aka yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, ba a zartar ba sai 16 ga Oktoba.

Duk abin da ya girmi 1582 yana kan tsohuwar kalandar Rumawa. A shekarar ne Paparoma Gregory na 13 ya gyara lissafi, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha sai 1918, dalilin da ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faɗo 7 ga Nuwamba 1917 a kalandar yau. Idan ka ɗauko yaƙin Gaugamela, inda Iskandari na Makidoniya ya karya Dariyus na uku ranar 1 ga Oktoba shekara ta 331 kafin Miladiyya, ka bar ranar yadda masana suka rubuta ta, kada ka yi mata gyara da kanka. Ka kuma tuna babu shekara ta sifiri: in kana rubutu a 2030, sai ka haɗa 331 da 2030 ka cire ɗaya, shekara 2360 ke nan. Sunan ma a yi hattara. Wasu na kiransa Zulƙarnaini, malamai kuwa sun saɓa a kan haka, filin minti biyar ba wurin yanke wannan hukunci ba ne.

Inda aikin ya fi nauyi ga mai rubutu da Hausa shi ne tarihin da aka ajiye da Hijiriyya. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kamar kwana 11, don haka abin da ya faru a watan Safar ba ya da mazauni ɗaya a Miladiyya. Don kimanta shekara, ka ninka ta Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Shekara ta 1168, wadda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikinta, za ta ba ka ƙarshen 1754, daidai da 15 ga Disamba 1754 da ake rubutawa. Ranar 'yancin Najeriya kuwa ta faɗo cikin Rabi'us Sani 1380. Manhajar juya kwanan wata tana aiki da lissafi, mutanen da suka rubuta tarihin kuwa da ganin wata suka yi aiki, ga shi ranar Hijiriyya da magariba take farawa. Saɓanin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Maganinsa sunan rana: idan marubucin ya ce Alhamis ce, manhaja ta ba ka Laraba, bi Alhamis mafi kusa. Kada kuma ka gauraya tsari biyu a shiri ɗaya. In ranar Miladiyya kake bi, tsaya a kanta.

Waɗanda aka haifa

Uku sun isa, huɗu in ranar ta yi albarka. A 1 ga Oktoba an haifi Jimmy Carter a 1924 a garin Plains na jihar Jojiya, da tsohuwar Firayim Ministar Birtaniya Theresa May a 1956, da mawaƙin Senegal Youssou N'Dour a 1959 a Dakar, da George Weah a 1966 a Monrobiya. Suna da shekara kawai ba su ƙosar da kowa. Kowane mutum a ba shi jimla ɗaya da za ta sa mai sauraro ya ɗaga kai. Cewa Carter ya shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981 gaskiya ne, amma abin da zai taɓa manomi shi ne cibiyarsa ce ta ja gaba wajen yaƙi da kurkunu tun 1986, cutar da ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. Weah kuma shi ne ɗan wasa na farko mai buga wa wata ƙasar Afirka da ya ci Ballon d'Or, a 1995, ya kuma mulki Laberiya daga 2018 zuwa 2024.

Kafin ka shiga sitidiyo, duba ko mutum na raye. Rubutun da aka ajiye tun 2024 zai ce Carter ya cika shekara ɗari, wanda ya karanta shi haka bayan nan ya yi abin kunya, domin ya rasu 29 ga Disamba 2024. Muƙami ma yana tsufa, a sa tsohon ko tsohuwar inda ya kamata.

Ranar haihuwar manyanmu na da ita ce mafi rauni a duk jerin. Ba a yin rajistar haihuwa a lokacin, ana dai cewa shekarar fara ko shekarar da aka naɗa sarki wane. Tafawa Ɓalewa, Disamba 1912 kawai ake rubuta masa. Cif Olusegun Obasanjo na biki 5 ga Maris, amma shi da bakinsa ya ce bai san ainihin ranar ba. Duk inda ka ga 1 ga Janairu a gaban sunan dattijo, ka zargi cike gurbin fom. Ga irin waɗannan mutane ka jira ranar rasuwa ko ta naɗi, su ne aka rubuta da shaidu.

Zaɓe da jerawa

Karanta sakin layi ɗaya da murya kana duba agogo don ka san saurin bakinka. In kana cin kalma 130 a minti, shirin minti biyar kalma 650 ne, a cire gaisuwa da kiɗan buɗewa. Kada ka raba su daidai wa daida. Babban labari ɗaya ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, saura su samu jimla biyu ko uku. A 1 ga Oktoba kowa ya san 1960 ce uwa, amma ba dole a maimaita saukar da tutar Ingila kowace shekara ba. Bana a tsaya kan yadda aka zama jamhuriya, baɗi a kan Kamaru, wata shekarar a kan jihohin 1996, waɗanda mai sauraro a Gusau ko Lafiya yake jin su a jikinsa. Gidan rediyon Maraɗi kuwa ba lallai ya buɗe da Legas ba, ranakunsa su ne 3 ga Agusta, ranar 'yancin Nijar, da 18 ga Disamba, ranar jamhuriyarta.

Ka fara kowane labari da shekara, sannan wuri, sannan wanda ya aikata. A rubutun rediyo ka rubuta lambobi da kalmomi yadda za a furta su, sunayen waje kuma yadda kunne zai ji, don kada mai gabatarwa ya yi tuntuɓe. Kada labarin mutuwa ya zo daf da taya murnar haihuwa, a sa wani abu a tsakani.

Bayan an watsa, ajiye takardar mai gida biyar tare da rubutun, ka sa sunan fayil da wata da rana, kamar 10-01, don su jeru da kansu. Idan mai sauraro ya bugo da gyara, a duba, in ya tabbata a faɗa a shirin gobe, a kuma gyara fayil ɗin a ranar, tare da rubuta majiyar gyaran a gidanta.