Kurakuran da masu zanen pop art suka fi yi

Wallahi abin yana damuna, yaro zai kwana uku yana zana gwangwanin miyar Campbell's alhali ko a shago bai taɓa ganinsa ba, kawai don Andy Warhol ya zana, wato Ba'amurken da ya yi fice a pop art, salon zanen kayan yau da kullum da na talla. To shi Warhol da ya jera zanen gwangwanaye 32 a Los Angeles a 1962, kowane da irin miyarsa, ai abin da ke kicin ɗin mutanen Amurka ya ɗauko, mai kuɗi da talaka duk shi suke buɗewa. Kai me ke kicin ɗinku? Madarar Peak, ɗunƙulen Maggi, kwalin ashana, ledar Omo. Ɗauko ɗaya ka ajiye a gabanka ka kalle shi da kyau, har lotsawar da ke gefen gwangwanin.

Sai launi. Mutum ya yi ta cakuɗa fenti yana sa inuwa kamar mai zana fuska, ƙarshe abin ya fito dishi-dishi. Irin wannan zanen launi tsantsa yake so, ja ya zama ja wur, sannan baƙin layi mai kauri ya raba su kamar yadda Roy Lichtenstein, wani gwanin pop art ɗin, ya riƙa yi. Launi uku ko huɗu sun isa, kuma don Allah a bar na farko ya bushe kafin a ɗora na biyu.

Amma inda aka fi faɗuwa rubutu ne. Sunan kayan shi ne rabin zanen, harafi ɗaya ya karkace kowa zai gani domin kullum suna kallon na ainihin a teburin mai shayi, kai kuma ka bar shi sai ƙarshe ka tsuke haruffan a gefe saboda fili ya ƙare. Fara da rubutun, ka auna da rula da fensir, ka yanke haruffan a kwali ka bi da burushi. In da hali je ka zauna wurin masu rubuta allon shago ka ga yadda suke riƙe hannu, ba ƙasƙanci ba ne, James Rosenquist ma, da ya shahara a pop art, allunan talla yake fentawa a New York kafin a san shi.

Kada kuma ka zana ƙaramin abu a ƙaraminsa, ba mai tsayawa. Ko ka girmama shi ya cika allon, ko ka maimaita shi layi-layi, Warhol kwalaben Coca-Cola 112 ya jera a zane ɗaya.