Fitilar dashbod mai kamawa tana ɗaukewa: yadda za ka gano bakin zaren kafin a sa ka sayen kaya

Duk mai tsohuwar mota a Zaria ya san wannan wasan. Ka taso daga Samaru za ka Sabon Gari, kana zuwa wajen Kwangila sai ka ga wata fitila ta kama a dashbod, gabanka ya faɗi, ka ce bari in na gama abin da ya fito da ni in biya gareji. Kana shiga gareji ta ɗauke. Bakanike ya leƙo ta taga ya ce Alhaji ina fitilar, kai kuma ka tsaya kana rantse-rantse kamar wanda aka kama da ƙarya. Daidai da yaron da ya kwana yana zazzaɓi, ana isa gaban likita ya sauko yana wasa.

To ita fitilar nan ba ta zuwa haka kawai, akwai abin da ke taso ta, ko zafi ko gargada ko ruwa ko nauyin wuta, kuma lokacin da take kamawa kai kaɗai ne a wurin, bakanike yana can gindin bishiya yana kwance injin wani. Saboda haka rabin binciken a hannunka yake tun kafin a buɗe bonet.

Amma fara da duba kalarta tukuna. In ja ce, musamman ta baƙin mai wadda ke kama da butar shayi, ko ta zafin inji, to babu maganar bari in ƙarasa, ka sauka gefen titi ka kashe mota ko da ƙiftawa ɗaya ta yi ta ɗauke. Mai ruwan ɗorawa, irin su cek injin da ABS (na'urar hana taya ƙullewa in an taka birki), tana ba ka damar ka lallaɓa ka isa gida. Sai dai in cek injin ɗin ƙiftawa take yi ba tsayawa cak ba kuma kana jin motar tana karkarwa, wannan alamar wani silinda ba ya ƙona mai ne, ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa yana dafa matatar hayaƙin nan da 'yan gareji ke ce wa indomi, kuma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗinsa ba sai an ce masa ya sassauta totur ba. Kore da shuɗi kuwa sanarwa ce kawai, sigina ko babbar fitila.

Daga nan sai ka zama ɗan sanda. Duk lokacin da ta kama ka riƙe abin da ke faruwa a daidai wannan lokacin, da safe ne inji da sanyi ko sai ka yi tafiya ya ɗau zafi, a guje kake ko kana tsaye a go-sulo, ka kunna AC ne ko fitilun dare, ka faɗa rami ne, kana shan kwana ne, birki ka taka, an yi ruwa jiya, ka kai wanki an watsa wa inji ruwa, ko kuwa yanzu ka fito daga gidan mai. Ka rubuta a waya. In da wani a gefenka ka ce ya ɗauki bidiyon dashbod ɗin, kai dai kar ka ɗauka kana tuƙi don Allah, ga 'yan acaɓa da masu keke sun cika hanya. Sau uku ko huɗu in ka rubuta za ka ga abin ya fara jeruwa da kansa.

Wani ɗan gwaji kuma da ba ya cin ko sisi: ka murɗa makulli wuta ta kawo amma kar ka tayar. Ya kamata fitilun gargaɗin nan su kama gaba ɗaya, sannan su ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi ko bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, to ko ƙwanta ya mutu ko wani ya rufe mata baki tun kafin motar ta zo hannunka, ana samun haka a motocin hannu, a liƙe fitila da baƙin salatif don mai saye ya ga dashbod fes.

Yanzu ga inda nake so a daɗe, wato batir da wayoyinsa. Ni kaina na sha wannan. Tsohuwar motata ta yi kusan wata biyu tana min abin mamaki, in ina kan kwalta mai kyau lafiya lau, da na sauka layin unguwarmu da damina ta farfasa sai fitilar ABS da ta batir da ta birki su kama tare, rediyo ya ɗauke ya dawo, allurar mita ta yi tsalle. Garejin farko aka ce sensar taya ce, na saya aka sa, kwana biyu abin ya dawo. Na biyu aka ce ai ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, in nemo kuɗi. Allah ya taimake ni na biya wajen wani dattijon rewaya, bai ma tambaye ni dogon labari ba, ya ce buɗe bonet ɗana, ya kama kan batir na baƙar waya ya murɗa da yatsu biyu sai ga shi yana juyawa kamar murfin kwalba, ƙarƙashinsa duk farin gari mai ɗan kore ya taru. Ya bi wayar har inda aka ɗaure ta a jikin bodi, nan ma tsatsa. Ya kwance, ya goge da sanfefa har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ya ɗaure. Na ce Baba shikenan? Ya ce je ka bi layin naku ka dawo. Na bi sau biyu har da gangan nake faɗa wa rami, shiru.

Darasin aikin shi ne in fitilu da yawa waɗanda ba su da alaƙa da juna suka kama lokaci guda, da wuya a ce duk sun lalace rana ɗaya, abin da ya haɗa su shi ne wuta. Kwamfutocin cikin mota in wuta ta yi ƙasa ko ta yanke na ƙiftawar ido sai kowacce ta fara ƙorafi. To ka gwada kan batir da hannu, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan, kuma wannan dabarar ta cusa ƙusa ko guntun gwangwani don ya kama ba gyara ba ce. Ka duba batir ɗin kansa yana ɗaure ko yana yawo a mazauninsa. Sannan a sa mita. Batir mai lafiya da ya huta mota a kashe yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauko kusa da 12 ya yi rauni sosai. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji yana aiki kuma ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, to altaneta tana caji. Kar a tsaya nan, a kunna fitilun gaba da AC da duk abin da ke jan wuta a sake dubawa, don altanetar da burushinta ya cinye tana iya nuna lafiya in babu nauyi, sai an ɗora mata kaya ko ta ɗau zafi take gazawa. In kuma ta haura 15 shi ma matsala ne, tana dafa batir. Fitilar batir da ke kamawa kawai in ka ratsa ruwa, tare da ƙara ƙiiii daga gaba, wannan yawanci bel ne ya saki ko ya tsufa yana santsi.

Fitilar baƙin mai tana da halaye biyu kuma ya kamata ka bambance su. In tana ƙiftawa lokacin shan kwana ko taka birki da ƙarfi, galibi man ne ya yi ƙasa, yana karkata gefe guda famfo ya ja iska. Ka tsaya a wuri mai daidai, ka kashe, ka ba shi 'yan mintuna, ka zaro sandar gwaji ka goge ka mayar ka sake zarowa. In kuwa mai yana nan cif amma fitilar tana kamawa in inji ya yi zafi kana tsaye yana silo, kana taka totur ta ɗauke, to ƙarfin tura man ne ya yi ƙasa, ko man ya tsinke, ko matatar da ke cikin kwanon mai ta toshe da dauɗa, ko inji ya fara cinyewa. Yana yiwuwa kuma ɗan suwic ɗin ne kawai ya lalace, amma kar ka yarda da wannan a baki, a cire shi a ɗaura agogon gwada ƙarfin mai a gani. Na san mutane da yawa sun fi son jin cewa suwic ne saboda shi ne mai araha, daga baya a ji inji ya buga a hanyar Kaduna.

Jar fitilar birki mai zuwa da tafiya ba ta da wuyar sha'ani. Ko hanbirek bai sauka duka ba, ko man birki ya yi ƙasa yana kaɗawa a robarsa. Sai dai kafin ka ƙara mai ka tambayi kanka ina ya tafi, don in takalman birki sun cinye, man yana sauka, in kuma yoyo ne to wannan motar ba ta hawa titi sai an gyara. ABS ita kaɗai kuwa, wadda ke kamawa bayan ka fara tafiya ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, a duba wayar sensar da ke bayan kowace taya, tana lanƙwasawa kullum har ta karye daga ciki roba tana rufe, ga laka, ga boris ɗin taya in ya yi wasa. A wasu motocin Toyota za ka ga fitilar VSC, ta na'urar hana mota zamewa, ta kama tare da cek injin, kar ka ruɗe, sau da yawa rakiya ta yi, a fara da matsalar injin.

Sai ita uwar gayyar, cek injin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ko ta ɗauke, motar ba ta manta ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona kwamfutar bincike, mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Tsarin shi ne in matsalar ba ta sake bayyana ba a tafiya uku a jere fitilar za ta kashe kanta, amma lambar matsalar da kwamfutar motar ta rubuta tana nan a ajiye har sai inji ya yi zafi ya huce wajen sau 40. Har da hoton yanayin da ake ciki lokacin da abin ya faru take ajiyewa, gudun mota, zafin inji, juyin inji. Saboda haka babban kuskure shi ne wannan da ake yi na cire kan batir wai don fitila ta mutu, ka goge shaidar da hannunka kenan. Haka in ka kai wajen mai kwamfuta, ka ce masa oga kar ka goge tukuna, bari in ɗauki hoton lambobin, har da waɗanda ke jiran gado ba su kai ga kunna fitila ba. Akwai ma 'yar ƙaramar na'ura ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ka bar ta a mota, fitila na kamawa ka faka ka karanta. Masu arahar dai yawanci inji kawai suke gani, ABS da eyabag sai babbar kwamfuta.

Kuma lamba ba ta cewa sayi kaza, unguwar da ɓarawon yake kawai take nuna maka. P0300 tana nufin inji yana tsallake wuta ba a silinda guda ba, P0301 zuwa P0304 kuma suna faɗin wane silinda ne. In ta ce P0302, kafin ka sayi kwail a musanya na biyu da na uku a yi tafiya, in lambar ta koma P0303 ka kama shi, in ba ta motsa ba a duba fulogi da nozul. P0171 iska ta fi mai yawa, a nan a duba robar da ke kai iska inji ko ta tsage a lanƙwasarta ta ƙasa inda ido ba ya gani, da sensar iska wadda ƙurar hunturu ke lulluɓewa, musamman in matatar iska ta huje saboda yawan busa ta da kwamfuresa. P0128 inji ba ya kai zafin da ya kamata, kuma a garuruwanmu dalilin sananne ne, an cire tamostat an yar wai ƙasarmu da zafi. P0455 ko P0456 da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan shan mai, je ka murɗa murfin tanki da kyau ka duba robarsa. P0420 ta indomi ce, amma yoyon salansa ko sensar bayanta ma suna kawo ta. P0562 kuwa ta mayar da kai kan maganar batir.

Fitilar eyabag da ke kamawa in an ja kujera gaba ko baya, soket ɗin ƙarƙashin kujera ne sau da yawa, yara sun tura takalmi ko gorar ruwa ta dame shi. Wayoyin nan masu ruwan ɗorawa kar ka sa musu mita ko fitilar gwaji, kar kuma a taɓa su sai an cire batir an jira 'yan mintuna.

In duk an bi wannan ba a gani ba, saura girgiza waya. Inji yana silo, mutum ɗaya yana kallon dashbod, rewaya yana bin damin wayoyi da soket-soket yana motsa su ɗaya bayan ɗaya a hankali, nesa da fanka da bel, har a zo wanda ana taɓa shi fitila ta kama ko inji ya yi tari. A leƙa akwatin fis ko ruwa ya shiga, a duba inda aka taɓa yanka waya don sa rediyo ko na'urar tsaro aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, a duba ɓarnar ɓera in motar tana kwana kusa da buhunan masara. Abu ɗaya za a canza a lokaci guda, ka karɓi tsohon ka jefa a but, sannan ka koma kan hanyar nan da ta saba kamawa, a irin lokacin da ta saba, da AC ɗin a kunne in da shi take yi.