Babi na Biyar: Tambayoyin da Aka Fi Yi Game da Ƙwari, Gizo-gizo da Sauran Ƙananan Halittu

Darasi na 1: Yadda ake ƙirga ƙafafu

'Yan'uwa ɗalibai, tambayar da aka fi yi mini a wannan babi ita ce ko gizo-gizo ƙwaro ne. A maganarmu ta yau da kullum, duk ƙaramar halitta mai rarrafe ko mai tashi muna kiranta ƙwaro, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai masana sun raba waɗannan halittu gida-gida, kuma hanyar da ta fi sauƙi wajen gane gidan kowace ita ce ƙirga ƙafafunta. Wadda take da ƙafafu 6 ita ce za mu kira ƙwaro na ainihi a wannan littafi. Wadda take da ƙafafu 8 tana cikin dangin gizo-gizo. Saboda haka amsar tambayar ita ce: gizo-gizo ba ƙwaro na ainihi ba ne, domin ƙafafunsa 8 ne.

Kada ku ce ƙirga abu ne mai sauƙi da ba ya bukatar koyo. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma a nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, har da waɗanda suka iya lissafi sosai. Don haka za mu bi shi a hankali.

Ku sami mataccen kyankyaso ko matacciyar fara, ku ɗora a kan farar takarda, ku juya cikinsa sama da tsinke, ba da yatsa ba. Ku fara duban jikin kafin ƙafafun. Jikin ƙwaro ya kasu kashi 3: kai a gaba, ƙirji a tsakiya, ciki a baya. Ƙafafun duka daga ƙirji suke fitowa, babu ko ɗaya da take fitowa daga kai ko daga ciki. Yanzu ku ƙirga na gefe ɗaya kawai, kuna taɓa kowace da tsinke: ɗaya, biyu, uku. Ku koma ɗaya gefen: ɗaya, biyu, uku. Ku rubuta a littafinku: 3 + 3 = 6.

Ga inda ake yin kuskure. A kan ƙwaro akwai wasu sirara guda 2 masu kama da zare, waɗanda yake jin ƙamshi da taɓa abubuwa da su. Na kyankyaso dogaye ne ƙwarai, shi ya sa ɗalibi yakan haɗa da su ya sami 8, ya ce kyankyaso ɗan'uwan gizo-gizo ne. Waɗannan ba ƙafafu ba ne. Abin da ya fito daga kai ba a ƙirga shi. Ku sake karanta wannan jimla da ƙarfi: abin da ya fito daga kai ba a ƙirga shi. Wanda ya yi wannan kuskure kada ya ji kunya, ya goge ya sake, domin kusan kowa da shi ya fara.

Kuskure na biyu yana faruwa a wajen ƙoƙi-ƙoƙi, wanda yake ɗaga ƙafafunsa 2 na gaba kamar hannaye don kama abincinsa. Ɗalibi yakan ƙirga guda 4 da suke ƙasa ya tsaya. Ku bi waɗancan biyun da ido har zuwa tushensu, za ku ga daga ƙirji suka fito, don haka ƙafafu ne, kuma 4 + 2 = 6. Haka nan manyan ƙafafun fara na baya, waɗanda take tsalle da su, suna cikin lissafi. Idan kuma kun sami ƙafafu 5, wataƙila ɗaya ta karye ta faɗi, sai ku ƙirga gefen da yake cikakke ku ninka shi biyu.

Ƙuda, sauro, ƙudan zuma, zanzaro, tururuwa, gara, gyare, buzuzu, ƙuma, ƙwarƙwata da kuɗin cizo duk ƙafafunsu 6 ne. Ku lura cewa ƙuma da ƙwarƙwata ba su da fukafukai, amma duk da haka ƙwari ne na ainihi, saboda haka fiffike ba shi ne ma'auni ba. Wajen rubutu kuma ku kula da lanƙwasar harafin ƙ, domin ƙuma mai cizo daban take da kalmar kuma, kuma wanda ya manta lanƙwasar ya rubuta wata kalma ce daban.

Darasi na 2: Gizo-gizo, kunama da kaska

Jikin gizo-gizo kashi 2 ne kawai, domin kansa da ƙirjinsa a haɗe suke, sannan ciki ya biyo baya. Ba shi da fukafukai, ba shi kuma da waɗancan sirara biyu na kan ƙwaro. Ku rufe shi da kwalba mai haske, ku ƙirga ta waje, gefe ɗaya tukuna: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ɗaya gefen: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ku rubuta: 4 + 4 = 8. A kusa da bakinsa akwai wasu gajeru guda 2 masu kama da ƙananan ƙafafu, waɗanda yake riƙe abinci da su. Ba a ƙirga su, domin ba ya tafiya a kansu.

Kunama ma ƙafafunta 8 ne, kuma a hoto kaɗai za ku ƙirga su, ban yarda kowa ya kamo mai rai ba. A kowane aji sai an sami wanda zai ce 10 ne, saboda ya haɗa da manyan hannayenta biyu masu kama da awartaki, waɗanda ba ƙafafu ba ne. Na faɗi yadda ake ƙirga a darasin farko, na maimaita, an karanta da ƙarfi, amma har yanzu ana zuwa mini da 10. Wannan ba rashin basira ba ne, gaggawa ce. Mutum ya kalli hoto sau ɗaya ya rubuta lamba, bai sa tsinke a kan kowace ƙafa ba, bai raba gefe da gefe ba. Ku manya ne, kun saba da aikin da ke bukatar natsuwa, ban ga dalilin da zai sa ku yi wa wannan riƙon sakainar kashi ba. Ku koma kan hoton, ku rufe hannayen biyu da yatsa, ku rufe wutsiyar, sannan ku ƙirga abin da ya rage, huɗu a dama, huɗu a hagu.

Ana yawan tambaya ko kowane gizo-gizo yana da haɗari. Kusan dukansu suna da dafi, amma dafin na kashe ƙananan ƙwari ne da suke ci, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke iya yi wa mutum illa mai tsanani. Gizo-gizon da ya yi saƙa a lungun ɗaki yana rage muku ƙuda da sauro. Ita kuwa kunama da wutsiya take harbi, kuma harbinta ya fi tsanani ga ƙananan yara, don haka yaron da ta harba a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Kaska tana cikin dangin gizo-gizo, domin babbarta ƙafafu 8 gare ta, ko da yake 'ya'yanta sukan fito daga ƙwai da ƙafafu 6, sai daga baya biyun su ƙaru. Idan ta maƙale a fata, a kama ta da matsefata dab da fata, a ja ta a miƙe a hankali har ta fita, sannan a wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai, kada kuma a matse cikinta. Idan zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya, a je asibiti a faɗa musu cewa kaska ce ta ciji mutum. A nan ne amfanin ƙirga yake bayyana, domin wanda ya iya cewa abin da ya cije shi mai ƙafa 8 ne ya taimaki ma'aikacin lafiya fiye da wanda ya ce wani ƙwaro ne kawai.

Darasi na 3: Sauro

Macen sauro ce kaɗai take cizo, domin tana bukatar jini kafin ƙwanta ya nuna, shi kuwa namijin ruwan furanni yake sha. Ƙaiƙayin da ake ji yana zuwa ne daga yawun da take zubawa a cikin fata don kada jini ya daskare yayin da take tsotsa. Ba kowane sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba, wani jinsi ne da ake kira anofilis, wanda ya fi cizo da dare. Wani likita mai suna Ronald Ross ne ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya a shekarar 1897.

Sauro a ruwan da yake kwance yake yin ƙwai, kuma 'yan tsutsotsin da kuke gani suna wutsil-wutsil a tsohuwar taya ko gwangwani 'ya'yansa ne. A lokacin zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu sun zama sauro masu tashi. Saboda haka a zubar da irin wannan ruwa duk mako, a rufe abin ajiye ruwa, a kwana cikin gidan sauro. Ƙafafun sauro sirara ne, amma ku ƙirga su, uku da uku.

Darasi na 4: Harbin zuma

Ƙudan zuma yakan mutu bayan ya harbi mutum, domin ƙarinsa yana da ƙananan ƙayoyi da suke maƙalewa a fata, sai ya tsinke tare da wani sashe na cikinsa. Zanzaro da rina ƙarinsu sumul yake, suna iya harbi sau da yawa. A cire ƙarin zuma da sauri, a sa abu mai sanyi a wurin. Idan fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.

Darasi na 5: Tsutsa da masu ƙafafu da yawa

Tsutsar da take cin ganye ita ce take zama malam-buɗe-littafi bayan ta kwanta cikin kwanso na wasu kwanaki. Ƙafafunta na gaskiya 6 ne, suna kusa da kai, sauran na baya tsoka ce kawai da take manne wa ganye da ita. Shanshani da ƙadandoniya ƙafafunsu sun wuce 8 nesa ba kusa ba, don haka gidansu daban ne. Shanshani yana cizo, ƙadandoniya kuwa naɗewa take yi.

Darasi na 6: Tana

Tana ba ta da ƙafa ko ɗaya, don haka ba ƙwaro na ainihi ba ce. Ku rubuta sunayen halittu 5 daga wannan babi, ku sa yawan ƙafafun kowace a gabanta, ku kawo a zama na gaba.