Yadda ake tace ra'ayin 'yan kallo kafin ka kunna fim ɗin fatalwa na Japan

Kar ka tsaya kan yawan taurari kawai, shiga IMDb ko Letterboxd, shafukan intanet da 'yan kallo ke ba fim maki da sharhi, ka fara karanta sharhin waɗanda suka ba fim ɗin taurari biyu ko uku, su ne ke faɗin gaskiya. Idan ka ga ana kukan wai fim ɗin yana jan ƙafa to kar ya dame ka, haka Japanawa suke gina tsoro a hankali, musamman a finafinan 'yan makaranta masu wasan kiran aljani irin Kokkuri-san, inda suke ɗora yatsu kan tsabar yen 10 a saman takarda. Shafin Filmarks kuma ra'ayin 'yan Japan ne da kansu, sai dai ka fassara. Duk inda aka rubuta gargaɗin tona labari ka tsallake, wallahi wasu ƙarshen fim suke zubarwa a layin farko.